Kyautar kammala sakandare: me zan ba yaran nan da za su tafi jami'a?

Gwaggon Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma a faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. Yara biyu ne suka gama sakandare bana a danginmu. Ɗaya 'yar yayana ce, shekararta 17, Allah ya ba ta gurbi a ABU Zariya, harhaɗa magunguna za ta karanta. Ɗayan ɗan ƙanwata ne, BUK ya cike, makinsa na JAMB ba laifi, amma har yau sunansa bai fito ba, kullum yana kan duba CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, kamar mai neman jinjirin watan sallah. Asabar ta sama za a yi musu walima a gidan kakarsu. Na ɗauki adashina, dubu 200 ne cif a hannuna, kuma su na yi niyyar kashe wa. Da farko na ce waya zan saya wa kowa, sai maigidan ya ce in fara tambayar waɗanda suka san jami'a, tunda ni a NCE na tsaya, kuma daga gida na riƙa zuwa, ko kwana ɗaya ban taɓa yi a hostal ba. To ga ni na zo.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya sanya albarka, ya ba ku ladan zumunci. Ni dai in ni ce, akwati mai taya zan saya wa yarinyar, in shiga Kantin Kwari in zuba mata atamfa uku da hijabai, in kai ɗinki. Shi kuma yaron shadda biyu da takalmi. Ranar walima a fito da shi gaban jama'a, kowa ya ga abin da gwaggo ta yi.

Tsohon Ɗan Samaru:
Hajiya Gwaggo, shawarata ta farko: ranar walima kada ki kashe ko rabin kuɗin nan. Ki ba su wani ɗan abu na fita kunya, turare ko agogo, sauran ki ɗaure bakin jakarki sai an sa ranar rajista. Ranar walima kowa zai kawo abin da ya fi kyan gani. Ranar tafiya kuma sai a waiga a ga babu bokiti. Na yi shekaruna a Samaru, babbar harabar ABU, ƙannena mata biyu sun zauna a hostal ɗin Amina da na Ribadu, don haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Abin da yarinya take buƙata a makon farko ba shi da kyan hoto ko kaɗan. Bokiti biyu, ɗaya mai murfi. Jarka. Kwado mai kyau guda biyu, ɗaya na loka ɗaya na akwati. Gidan sauro. Ekstenshan mai doguwar waya, domin ɗaki zai iya ɗaukar mutum huɗu ko fiye amma soket ɗaya ko biyu ne a bango, kuma wanda ya zo da ekstenshan shi ne sarkin ɗaki. Sai bargo mai nauyi da rigar sanyi. Wannan kada a yi wasa da shi. Bakano yana ganin ya san hunturu, to ya bari sai ya fito lakcar ƙarfe bakwai na safe a Samaru cikin Janairu, a nan zai gane akwai sanyi akwai ƙanin sanyi.

Maman 'Yan Biyu:
Haba Malam, yanzu gwaggo guda ta shiga walima da bokiti a hannu? Ai sai a yi da ita a dangi har jikoki.

Tsohon Ɗan Samaru:
Hajiya, ai shi ya sa na ce ba ranar walima ba. Masu yi da ita ba su za su bi layin famfo da asuba ba.

Mai Gyaran Waya:
Anti, ni a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, nake sana'a, don haka bari in yi magana a kan abin da na sani. In kika raba dubu 200 gida biyu don waya, kowa zai samu waya ce ta lallaɓawa, wadda bayan wata shida za ta fara cewa wuri ya cika. Kuma ki bincika, da wuya a ce yaran nan ba su da waya a hannu yanzu. In kuwa laftof kike so, kuɗin gaba ɗaya ne zai tafi a guda ɗaya ta hannu, ɗayan yaron ya tashi a tutar babu.

In har an yanke shawarar laftof ɗin, ko yanzu ko nan gaba, ga abin da za a duba. RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta, kada ya gaza 8GB, ma'ajiyarta ta zama SSD, ba tsohon faifan nan mai juyawa ba. Kada a ruɗe ku da girman allo ko ƙyalli. Abin da ya fi komai shi ne batir. A caje ta ta cika a gabanku, a cire caja, a kunna bidiyo a zauna ana hira minti talatin, a ga nawa ya sauka. A danna kowane harafi a ga yana shiga. A gwada duk ramukan USB. A karɓi rasit mai lambar na'urar a jiki, saboda gudun kayan sata. Kuma a tafi da wanda ya san kan abin, ba ɗan rakiya ba. Araha ba ta ado, na sha karɓar laftof ɗin da aka saya da murna ranar Litinin aka kawo min gyara ranar Alhamis.

Amma in tambayata kika yi tsakani da Allah, fawa-bank mai ƙarfi, irin mai dubu 20 ɗin nan na mAh, da fitila mai caji, sun fi yi wa ɗan aji ɗaya amfani.

Malamar Kimiyya:
Na yarda da ƙarshen maganarka, ban yarda da a manta da kwamfuta ba. Shekara goma sha ina koyarwa a sakandare, kuma ina ganin yaranmu. Suna iya shafa waya da ido a rufe, amma a zaunar da su gaban kwamfuta a ce su buga shafi ɗaya, sai ka ga ana farautar haruffa da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar gero. JAMB ɗin ma danna A, B, C, D ne kawai. A jami'a kuwa za a ce a buga aiki a kawo, a shirya bayani a gabatar gaban aji. Ba lallai ta mallaki laftof a shekarar farko ba, wannan gaskiya ne, 'yan aji ɗaya na fannin kimiyya kemistiri da fiziks da bayoloji da lissafi ne a gabansu, kalkuleta ta kimiyya da farar rigar lab sun fi gaggawa. Amma a biya musu kuɗin koyon kwamfuta na wata biyu a unguwa kafin su tafi. Wannan kyauta ce da ba a sacewa a hostal.

Kaka Mai Dambu:
'Ya'yana duk na ji ku, kowa yana ta zancen na'ura. To na'ura ake ci? Jikoki shida na sallama makaranta, ba wanda ya taɓa bugo min waya ya ce Kaka caja ta ƙare, kullum Kaka yaji ya ƙare, Kaka a aiko da dambu.

Ke Gwaggo, ki ware wani abu ki yi mata guzuri irin na gida. Dambun nama, amma a soya shi ya bushe ƙarau, a bar shi ya huce sarai kafin a rufe, in ba haka ba gumin da zai yi a cikin roba shi zai sa ya yi funfuna kafin sati biyu. Kada ki zuba shi a mazubi ɗaya babba. Ki raba ƙananan robobi huɗu ko biyar, in ta buɗe ɗaya a gaban 'yan ɗaki ya tafi, sauran suna ƙasan akwati. Yaji kala biyu, na tafarnuwa da na ƙuli. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari. Garin kunu na gero da aka surfa aka wanke aka shanya, aka niƙa da citta da kanumfari, ruwan zafi kawai take buƙata ta karya kumallo. Garin ɗanwake haɗaɗɗe da kukarsa. Busasshiyar kuɓewa, kuka, daddawa dakakkiya. Sai soyayyen kayan miya, a soya da mai sosai har ruwan ya ƙone, man ya taso ya rufe samansa, a ja mata kunne kada ta sa jiƙaƙƙen cokali a ciki. Wanda ya tafi da waɗannan, ko aljihunsa ya bushe ba zai kwana da yunwa ba.

Tsohon Ɗan Samaru:
Kaka, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Maganar raba dambu gida biyar ɗin nan, da na san ta a zamanina da ban yi kuka a sati na biyu ba.

Ɗalibar Aji Uku:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, ni yanzu haka ina cikin abin, a wata jami'ar tarayya nake, daga kan gadon hostal ma nake rubutun nan.

Lokacin da zan taho an yi min kyauta sosai. Bari in faɗa muku inda kowace ta ƙare. Wata antina ta ba ni saitin faranti na tangaran mai guda goma sha biyu, yana nan a kan sif ɗin Mama ko kwalinsa ba a buɗe ba. An ba ni hita da ƙaramin risho na lantarki, ranar farko aka karanta mana doka cewa an hana amfani da su a ɗaki, na mayar gida. Don haka kafin a sayi abin girki, a tambayi wata da ke zaune a hostal ɗin me aka yarda da shi, domin kowace makaranta da dokarta, wani wurin ma gas ɗin ba a bari. An ba ni takalmi mai tsini har biyu, alhali daga hostal zuwa ajinmu tafiyar minti ashirin ce a ƙasa. An ba ni babban akwati mai kyau, ya ƙi shiga ƙarƙashin gado, shekara guda ina tsallake shi. Jakar gana-mas-go ɗin da na raina ita ce har yau nake zuwa hutu da ita.

Abin da ya yi min rana kuwa: fanka mai caji da yayana ya saya min, wadda a watan Afrilu har 'yan ɗakin maƙwabta ke zuwa zama a gabanta. Jakar goyo mai ƙwari. Silifas na wanka. Lema. Da wata kyauta da ban ɗauke ta komai ba a lokacin. Ƙanin babana bai ba ni ko tsinke ba ranar walimata, har na ji haushi a raina. Sai ya ce min, duk ranar 20 ga wata zan ga saƙonsa. Dubu biyar ce kawai. Wallahi Anti, ban san darajar ranar 20 ba sai da na zo nan. Kuɗin da Baba ke turowa farkon wata ya ƙare, an ce a sayi handawut, data ta yanke, ga kunyar sake kiran gida domin ka san halin da ake ciki. Sai ka ji waya ta yi ƙara. Shekara uku ke nan bai taɓa tsallake wata ba. Duk dangi in aka ce in nuna wanda ya yi min kyautar shiga jami'a, shi zan nuna.

Gwaggon Yara:
Ɗiyata, kin sa jikina ya yi sanyi. Saitin farantin nan har na yi cinikinsa jiya a waya. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'ar karatu.

Kawu Akawu:
Yarinyar nan ta gama magana, ni lissafi kawai zan ɗora. Hajiya, dubu 100 ne rabon kowane yaro. In kika kashe 40 a kayan buƙata, saura 60. Ki raba shi dubu shida-shida, wata goma ke nan, kusan shekarar karatu guda. Amma sharaɗin shi ne kuɗin ya bar hannunki, domin na san halin kuɗin adashi, yau biki gobe suna, kafin ki farga ya zama anko. Ki ajiye shi a wani asusu dabam da ba kya taɓawa.

Sannan a tabbatar kowannensu yana da asusun banki da sunansa, da BVN. NIN dai suna da ita tunda ba a rajistar JAMB sai da ita. Sunan da ke kan NIN da na JAMB da na WAEC ya zama iri ɗaya harafi da harafi. Na ga yaron da aka rubuta masa Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ya yi ta zarya ana rantsuwa a kotu. Wannan zai yi musu amfani in za su nemi lamunin NELFUND, wanda aka fara a 2024 don ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, wanda ya nemi na kashewa kuma ana ba shi dubu 20 a wata.

Abban Sadauki:
Kawu, muna zancen kyauta kai kuma ka kawo bashi. Ni ban son a koya wa yaro cin bashi tun bai fara neman na kansa ba. Kuma ina matsayin ruwan da ke kai?

Kawu Akawu:
Babu ruwa a kansa, Alhaji, abin da ka karɓa shi za ka mayar, kuma sai shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa ake fara cira. Ban ce dole su karɓa ba, wannan shawarar iyayensu ce. Cewa na yi a gyara takardu, domin ko tallafin karatu na jiha za su nema, takardun nan dai za a tambaya.

Abban Sadauki:
To na ji wannan. Amma ni har yanzu ina ganin abin da mutum zai riƙe a hannu ya fi. Mahaifina da zan tafi makaranta agogo ya ba ni, har yau yana nan, in na gan shi sai in yi masa addu'a. Dubu shida-shida kuwa a cinye a manta.

Ɗalibar Aji Uku:
Baba, da girmanka, ba a mantawa. Amma ba laifi a haɗa biyun, agogon ma ana buƙata, tunda ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya.

Nas ta Dare:
Ni ta ɓangarena zan zo. Kafin su tafi a kai su a duba idonsu. Yara da yawa ba su san ba sa gani da kyau ba, domin a sakandare aji ƙarami ne, allo yana kusa. Sai an shiga babban ɗakin lakca mai ɗaukar ɗaruruwa, yaro ya samu kujerar baya, ya kasa ganin komai, ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Tabarau ɗaya ya raba wannan gardama. A san rukunin jininsu da jinotayif, dama za a tambaya wajen rajistar asibitin makaranta. Ita mai karatun magunguna, tunda gaba za ta shiga asibiti da ɗakin gwaji, a duba ko ta yi rigakafin ciwon hanta nau'in B. Allura uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida, don haka gara a fara da wuri.

Ƙaramin akwatin magani kuma: farasitamol, gishirin ORS, filasta, auduga, ma'aunin zafin jiki. Don Allah kada a zuba musu maganin kashe ƙwayoyin cuta su riƙa sha da ka. In zazzaɓi ya zo su je asibitin makaranta a gwada. Ita yarinyar a haɗa mata audugar mata mai yawa, wadda za ta kai ta ƙarshen zango, abu ne da ba za ta iya buɗe baki ta roƙi kawunta ba.

Malam Na Bakin Masallaci:
Duk abin da aka faɗa alheri ne. Ina tunatarwa kada a manta da Alƙur'ani da sallaya da ɗan littafin azkar. Yaro zai fita daga gaban iyayensa karon farko, ba mai tashinsa asuba.

Tsohon Ɗan Samaru:
Allah gafarta Malam, wannan kam ba za a rasa ba. Ni guda huɗu aka ba ni ranar da zan tafi, da sallaya uku.

Malam Na Bakin Masallaci:
To madalla da dangi irin naka. In an samu mai bayarwa, Gwaggo ta ba da abin da ya fi shi wuyar samu: ta nemo musu mutumin kirki a garin da za su, ɗan uwa ko aminin gida, ta haɗa su, ta ba su lambarsa. Wanda in ciwo ya kama yaro cikin dare zai zo, in an rufe makaranta ba shiri zai ba shi wurin kwana. Kuma ta zaunar da kowannensu ta yi masa magana ita da shi. Akwai abin da yaro zai faɗa wa gwaggonsa da ba zai faɗa wa uwarsa ba.

Ɗiyar Maraɗi:
Sannunku 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan in yaro ya samu BAC, wato shaidar gama sakandare, in Yamai za shi, Abdou Moumouni, ko Damagaram, ko nan gida Dan Dicko Dankoulodo, zancen duk ɗaya ne da naku. Uwaye su yi ta haɗa gari da ƙuli da kilishi, kawunnai su ba da jikka biyar, jikka goma. Abin da zan ƙara ma Gwaggo shi ne fayil na roba mai zif don takardu. Ƙanena ruwan sama ya taɓa jiƙa mishi takardun asali cikin jaka a bisa mota, mun sha wuya kafin a sake samun wasu.

Kawu Akawu:
Wannan magana ce. A sa takardar haihuwa, ta shaidar ƙaramar hukuma, sakamakon WAEC ko NECO, takardar gurbin karatu ta JAMB da ta makaranta, kowace a yi mata fotokwafi kamar goma, da hoton fasfo dozin biyu. A ɗauki hoton kowace a tura a imel ɗin yaron. Lokacin rajista layin mai fotokwafi kaɗai ya isa ya cinye wa mutum yini.

Yayan Marayu:
Ni akwai abin da ke damuna tun farkon zancen nan, kowa ya bi ta kan yarinyar an bar yaron. Ku sa kanku a matsayinsa. Walima ɗaya, ana ta ce wa 'yar uwarsa sai Zariya, shi kuma ana tambayarsa "har yanzu shiru?" In aka tara mata bokiti da bargo da dambu, shi aka ce ya jira sai sunansa ya fito, wallahi an karya masa zuciya. Na san wannan ciwon, shekara biyu na yi a gida ina jira, har na daina zuwa taron dangi.

Shawarata, rabonsa kada ya jira gurbin karatu. A tambaye shi sana'ar da yake sha'awa, gyaran waya ne, haɗa sola ne, ɗinki ne, aski ne, a biya masa kuɗin koyo, a saya masa kayan aikin farko. In suna ya fito, ya tafi da sana'arsa, mai injin aski a hostal ba ya rasa na sabulu. In bai fito ba, ga abin yi kafin JAMB ta gaba, kuma a ajiye masa kuɗin fom. Ko waɗanda suka shiga ɗin ma ai ba su tsira daga zaman gida ba. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, na 2022 daga Fabrairu har Oktoba aka yi, wata takwas cur. Waɗanda ke da sana'a a hannu su ne ba su haukace ba.

Mai Gyaran Waya:
In gyaran waya yake so, kuma a Kano yake, Anti ki yi min magana ta gefe. Ba zan karɓi kuɗin koyarwa ba, ki saya masa mita da bakin ƙarfen liƙi da saitin sukundireba kawai. Sharaɗina ɗaya, takwas na safe ta yi masa a shago.

Kaka Mai Dambu:
Allah ya yi maka albarka ɗan nan. Ni kuma da a ƙauye ne, da na ce a saya wa kowa 'yar tunkiya a bar wa kakarsu kiwo. Ta haihu, a sayar da ɗan rago da babbar sallah, kuɗin rajistar baɗi ya fito. Haka na yi wa jikana na fari.

Maman 'Yan Biyu:
Kaka, tunkiya a bene na biyu a Zoo Road? Hhh. To ni dai na sauko daga kan akwati, amma ban sauko daga kan ɗinki ba. Yarinya ba za ta shiga jami'a da hijabin islamiyya kaɗai ba. Ko dogayen riguna biyu marasa nauyi a yi mata, masu saurin bushewa, waɗanda ba sa neman guga.

Ɗalibar Aji Uku:
Wannan kam gaskiya ne Mama, musamman marasa neman gugar. Kuma masu duhun launi.

Gwaggon Yara:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci, ya saka wa kowa da alheri. Tun la'asar nake karantawa ina rubutawa a bayan littafin adashi. Na kira mai faranti na ba ta haƙuri. Na kira yayana, ashe shi ya riga ya yi mata alkawarin laftof in ta shiga aji biyu, kuma uwarta ta sayi katifa da bokitai tun tuni, da na yi ta maimai. Ga inda na tsaya. Ranar walima kowa agogo da fayil ɗin takardu, iri ɗaya, kada wani ya ga an fifita wani. Ita zan saya mata fanka mai caji da fawa-bank da bargo, in kai ta a duba ido, dogayen riguna biyu kuma saboda Maman 'Yan Biyu ta bar ni in yi barci. Abin da ya rage nata, dubu biyar duk ranar 20 ga wata, har inda ya kai, in ya ƙare Allah zai hore wani. Shi kuma na tambaye shi ɗazu, ko numfashi bai ja ba ya ce gyaran waya. Mai Gyaran Waya, ka duba saƙonka.

Kaka, saura ke. Dambun nan na kilo nawa zan sayi nama, kuma wane yanki?

Kaka Mai Dambu:
Kilo uku, cinya, marar kitse ko kaɗan. Ki ce wa mahaucin na dambu ne, ya sani. Kuma ki yi roba shida, ba biyar ba, ɗaya ta yaron ce. Shi ma zaman shago da yunwa yake.